Ga masu zuwa Dahab: a san ƙofar fita kafin a shiga ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na lura da shi a 'yan shekarun nan tsakanin 'yan'uwanmu ɗalibai da 'yan kasuwa mazauna ƙasar Masar, wato yawan zuwa garin Dahab lokacin hutu domin shiga teku. Ni ma ta haka na san garin, a can na koyi nutso da tukunyar iska a bayana, kuma na yi shekaru ina komawa. Abin da ya sa na rubuto shi ne, kusan duk wanda ya zo neman shawarata sunan wuri ɗaya yake riƙe da shi, wato Blue Hole, wani rami mai zurfi a bakin tekun, saboda hotunansa da yake gani a Facebook, kuma tambayarsa ba ta wuce nawa ne zurfinsa da nawa ake biya. Har yau ban sami wanda ya tambaye ni ta ina ake shiga da ta ina ake fitowa ba, alhali a nutson da ake farawa daga gaɓa wannan ce tambayar da ran mutum ya rataya a kanta.

Dahab yana gabashin yankin Sina'i ne, a bakin mashigin Aƙaba, wanda reshe ne na Bahar Maliya, ƙasa da kilomita 100 arewa da Sharm el-Sheikh. Idan gari ya waye ras, kana tsaye a bakin ruwa kana hango duwatsun Saudiyya a ƙetare. Mashigin tsaga ce mai zurfi a jikin ƙasa, tsakiyarsa ta wuce mita 1,800, saboda haka ba a buƙatar jirgin ruwa kafin a kai ga zurfi. Motar a-kori-kura ce take kai ka bakin gaɓa, ka ɗaura kayanka, ka taka da ƙafa ka shiga. A galibin wuraren za ka fara tarar da wani shimfiɗaɗɗen dandamali na murjani wanda ruwan kansa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, daga ƙarshensa kuma sai ƙasa ta yanke ta gangara. Ba a tafiya a kan wannan dandamali, domin yana yanka ƙafa, takawa kuma tana kashe shi. Akwai 'yan gurare ƙalilan inda ya tsage ko yashi ya ratsa shi, kuma su ne ƙofofin shiga da fita. Wanda ya yi nutso daga jirgi, duk inda ya ɓullo jirgi zai zo ya ɗauke shi. Wanda ya shiga daga gaɓa kuwa dole ne ya komo ƙofar da ya sani, da sauran iska a tukunyarsa da sauran ƙarfi a jikinsa, in ba haka ba sai ya sami kansa a bayan dandamali, igiyar ruwa tana maka shi da dutse, yana ganin mutane suna shan shayi a tudu amma ba hanyar isa gare su.

Ya kamata in tsaya kaɗan a kan kalmar murjani, domin mu abin da muka sani da wannan suna shi ne jan dutsen ado da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya. Na cikin teku ƙananan halittu ne masu rai, suna zaune dubbai a wuri guda, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa mai tauri, har gine-ginen su taru su zama tudu ko bango. Manyan dunƙulallun cikinsu ba su fi ƙaruwar kimanin santimita ɗaya a shekara ba. Ke nan dunƙulen da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanka a wurin, kuma wannan daɗewar ce ta sa ya cancanci a riƙe shi a matsayin alamar hanya, kamar yadda matafiyi yake riƙe kuka ko tsamiya a daji.

Dalilin da ya sa ake buƙatar alamu shi ne, ido da kunne ba sa gaya wa mutum gaskiya a ƙarƙashin ruwa. Ta cikin gilashin fuska komai yana bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ya fi kusa da yadda yake. Launin ja yana fara dusashewa tun daga mita 5, idan aka ƙara nisa sai ruwan lemo da rawaya su bi shi, har komai ya koma shuɗi-shuɗi, saboda haka dutsen da ka riƙe da launinsa a sama ba lallai ka gane shi daga ƙasa ba. Sauti yana gudu a ruwa fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, kunnuwa biyu suna jin sa kusan lokaci guda, sai ka ji ƙarar injin jirgi ba ka san ta wace fuska take zuwa ba. Ruwan Dahab kuma garau yake, wannan ma tarko ne, domin mutum yakan ga ƙasa kamar ya miƙa hannu ya taɓa, alhali tsakaninsu mita ashirin ne.

Wurin da ya kamata kowa ya fara shi ne wanda ake kira Lighthouse, a ƙarshen arewa na bakin ruwan tsakiyar gari. Shigarsa da sauƙi, yana da kariya daga iskar arewa wadda ita ce ta fi kaɗawa a Dahab, kuma ƙasansa yashi ne mai gangarowa a hankali. A nan malamin da ya koya mini, wani Balaraben ƙauye ɗan ƙabilar Muzaina wanda aka haifa a bakin wannan ruwa, ya sa ni yin abin da na ɗauka ɓata lokaci ne a ranar farko. Da zarar mun nutse muka daidaita, sai ya kama kafaɗata ya juya ni in kalli inda muka fito, ya nuna mini agogon zurfi, ya nuna mini wani dunƙulen murjani da ke bakin gangaren. Da muka fito ya yi mini bayani cewa hanya fuska biyu gare ta, wadda kake gani da tafiya dabam take da wadda za ka gani da dawowa, kuma alamar da ba ka haɗa ta da zurfinta ba rabin alama ce, domin za ka iya wucewa ta samanta da mita biyar ba ka gan ta ba. Daga nan ƙa'idar wurin gajeriya ce: da tafiya bangon murjani yana kafaɗarka ta hagu, da dawowa yana ta dama. Ana tafiya a ƙasa-ƙasa, a dawo a sama-sama. Idan tukunya tana cike, allurar ma'aunin iskarta tana kan 200, idan allura ta kusa rabi a juya, kuma a kai ƙofa da aƙalla 50. A kan yashin wurin akwai gumakan da mutane suka ajiye da gangan, mafi shahara a cikinsu siffar giwa ce, an sa su ne domin masu koyo su sami abin kallo su rage wa murjani cunkoso, kuma duk wanda ya san inda giwar take ya san ta ina gaɓa take.

Kamfas yana da amfani, musamman a kan fili na yashi ko ciyawar teku inda babu bango, domin idan ka riƙe lambar da ka fita da ita, ka ƙara ko ka rage 180, ka sami hanyar komawa. Amma na ga mutane da yawa sun kafa ido a kan kamfas har sun wuce ƙofarsu, don haka ni na fi amincewa da wanda yake haɗa shi da karatun ƙasa. Zanen da igiyar ruwa take bari a kan yashi marar zurfi yakan kwanta ne daidai da tsawon gaɓa, wanda yake ratsa shi yana nufar tudu ne ko yana nufar zurfi, agogon zurfi kuma zai raba masa gardama. Da safe rana tana fuskar teku, da yamma tana fuskar duwatsun Sina'i.

Halittun wurin su ma suna nuna hanya ga wanda ya san ɗabi'arsu, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi soyuwa gare ni. A jikin kowane bango akwai wasu ƙananan kifaye masu launin ruwan lemo, dubbansu, kamar an watsa garwashi a cikin ruwa. Kullum suna fuskantar inda ruwa yake tahowa, domin daga can abincinsu yake zuwa, saboda haka kallo ɗaya ya isa ka san alƙiblar kwararar ruwa da ƙarfinta, ka fara tafiyarka kana fuskantar ta tun kana da ƙarfi, ta turo ka gida da dawowa. Akwai wani ɗan kifi mai ratsin fari biyu da yake zama cikin wata halitta mai yatsu masu harbi, ba ya nisa da ita ko da taku biyu, kuma za ka dawo bayan shekara ka tarar da gidan a inda ka bar shi. Akwai duwatsun da ƙananan kifaye masu wanki suke zama, manyan kifaye suna zuwa suna buɗe baki ana tsince musu ƙwari, waɗannan ma ba sa sauya wuri. Kunkurun teku da yake kiwo a ciyawar da ke kudu da Lighthouse, da kifin nan mai faɗi mai ɗigon shuɗi da yake kwanciya a yashi, da talibambam wanda ya ninka na kogunanmu girma, su kam masu yawo ne, a kalle su a yi tasbihi ga Mahaliccinsu, amma kada a bi su. Yawancin waɗanda na ga sun ɓace wa abokan tafiyarsu, kunkuru suka bi.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana ɓatan ƙofa, a wurin da ake kira Eel Garden, arewa kaɗan da Lighthouse. Shigarsa wata siririyar hanya ce da ta ratsa dandamali, daga bakinta sai wani farin gangaren yashi inda ɗaruruwan kifaye sirara masu kama da maciji suke tsaye, wutsiya a rami, kai a sama, suna rangaji kamar gero a gona idan iska ta taso, kana matsowa suna nutsewa cikin ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Kallonsu ya ɗauke mini hankali da fita, ban waiwaya na riƙe bakin hanyar ba. Kafin mu dawo iska ta ƙaru, ruwan da igiya take zubawa a kan dandamali yana komowa teku da ƙarfi ta wannan siririyar hanya, yashi ya tashi, ni kuma na wuce ta ba tare da na sani ba. Abokin nutsona ne ya buga tukunyarsa da ƙarfe, ya ja ni muka koma, muka shiga muna manne da ƙasa inda ƙarfin ruwan ya fi sauƙi. Na fito da iskar da ba ta kai 30 ba, gwiwoyina suna rawa. Tun daga ranar, idan na ga farin kumfa yana fashewa a bakin dandamalin Eel Garden, ba na ɗaura kaya, sai in koma inda yake da kariya.

Wanda ya ƙware a waɗannan, ya kuma sami takardar shaidar mataki na biyu wadda take ba shi damar kaiwa mita 30, domin ta farko a mita 18 ta tsaya, shi ne zai je Canyon, wata tsaga a ƙasan teku. Ana shiga ta wani tafki marar zurfi mai ƙasan yashi, a fita ta wani ɗan gurbi a bakinsa, a juya hagu. Wannan gurbi shi ne abin riƙewa, domin daga waje bangon duk kama ɗaya yake. Tsagar kanta tana buɗewa ne a ƙasan teku a wajen mita 20, a sauka cikinta zuwa mita 30, inda haske yake shigowa daga sama ta siririn baki, wasu ƙananan kifaye masu jiki kamar gilashi suna juyawa a inuwa. Tsagar ta ci gaba da gangarawa har ta wuce mita 50, kuma wannan ɓangare ba na masu nutson shaƙatawa ba ne. Alamar wurin da ba ta da irinta ita ce kumfa: iskar da masu nutso suka fitar a ciki tana ratsa ƙananan ramukan dutsen tana fitowa ta sama kamar labule, har bayan sun fita, kuma daga nesa ita take gaya maka ga tsagar nan.

Yanzu sai Blue Hole, wanda yake 'yan kilomitoci arewa da gari, a cikin yankin Abu Galum da gwamnatin Masar ta keɓe domin kariya tun 1992. Rami ne zagayayye a cikin dandamalin murjani, dab da gaɓa, zurfinsa ya wuce mita 100. Hanyar da masu hankali suke bi ba ta cikin ramin take farawa ba. Ana takawa da ƙafa zuwa arewa, a wuce wani dutse, a shiga ta wata tsaga da ake kira Bells, siririya ce ƙwarai, mutum ɗaya-ɗaya ake sauka, a fito a jikin bango a wajen mita 26 zuwa 30. Daga nan bango yana dama, shuɗin ruwa marar ƙasa yana hagu, ana tafiya kudu ana hawa a hankali, har a iso wani wuri da bakin ramin ya yi ƙasa kamar sirdi, a zurfin mita 6 zuwa 7, cike da murjani da kifaye. Ta kan wannan sirdi ake shiga ramin, a yi tsayuwar minti 3 a mita 5, a bi gefe a fita. Duk tafiyar alama ɗaya take nema, wato sirdin, kuma wanda ya zauna a zurfi bai hau da wuri ba, to zai wuce ta ƙasa da shi bai sani ba.

Abin da ya jawo wa wurin sunan makabartar masu nutso wani abu ne dabam. A can ƙasa akwai wata ƙofa da ta haɗa ramin da teku, rufinta yana wajen mita 55, tsawonta kimanin mita 26. Iyakar nutson shaƙatawa mita 40 ce. A kowace mita 10 nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, saboda haka a mita 30 mutum yana shan iskar tukunyarsa ninki huɗu na yadda zai sha a tudu, a mita 55 kuwa fiye da ninki shida. Tun daga wajen mita 30 sinadarin naitirojin da ke cikin iskar yake fara juya tunani kamar maye, mutum ya ji daɗi da ƙarfin hali a daidai lokacin da lissafinsa ya lalace. Ƙofar kuma ba ta bayyana sosai daga sama, sai wanda yake neman ta ya yi ta sauka yana zaton tana gaba, alhali ya riga ya wuce ta. Masu ratsa ta bisa ƙa'ida suna yin horo na musamman, suna ɗaukar tukwane fiye da ɗaya da haɗin iska mai sinadarin hiliyom. A jikin dutsen da ake wucewa kafin a kai Bells an manna allunan tunawa da waɗanda suka mutu a wurin, daga ƙasashe dabam-dabam, da yawansu matasa, wasu ma malaman nutso ne. Ina roƙon duk ɗan'uwan da ya je ya tsaya ya karanta shekarun haihuwa da na rasuwa da ke jikinsu kafin ya ɗaura tukunya.

Haɗarin da ya fi kusa da sabon shiga ma yana cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Akwai kifin da ba ka bambanta shi da dutse, ƙayoyin bayansa suna da dafi mai tsanani, akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe, akwai wani mai kama da murjani, launin ƙasa-ƙasa da farin baki, wanda yake ƙuna kamar wuta, ga kuma kifin nan mai baza fukafukai kamar ɗawisu wanda kyansa yake ruɗar mutane su kai hannu. Babu ɗayansu da yake farautar mutum, taka su ake yi ko a taɓa su. Maganin abin shi ne takalmin roba mai kauri, da bin ƙofar da kowa yake bi, da naɗe hannuwa a ƙirji. Ɗaukar murjani ko ƙwanso a fita da shi laifi ne a dokar ƙasar.

Akwai magana ta musamman ga waɗanda suka tashi a bakin kogi, irin 'yan'uwanmu na Yawuri da Argungu da bakin Binuwai, waɗanda iyo ya zame musu jiki tun suna yara. Ƙwarewarsu gaskiya ce kuma tana taimakawa, sai dai ɗabi'ar da ta tsare su a kogi, wato riƙe numfashi, ita ce mafi haɗari ga mai shaƙar iskar tukunya. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta kafin a iso sama, kuma idan an rufe mata hanya huhu take yagawa. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan, kuma ba a hawa da gaggawa. Haka nan ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, yana ɗaga mutum sama, don haka nauyin darmar da za a ɗaura a ƙugu sai an gwada shi a wurin.

Abu na ƙarshe ya shafi tsarin tafiya. Da yawa daga cikinmu suna haɗa zuwa Dahab da ziyarar Dutsen Ɗuri Sina, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285, kuma motocin ziyarar da dare suke tashi domin a riski fitowar rana a ƙololuwa. Wanda ya yi nutso da rana ya hau wannan mota da dare ya jefa kansa cikin haɗari iri ɗaya da na wanda ya hau jirgin sama, domin naitirojin da ya rage a jikinsa zai iya zama kumfa a jini da gaɓoɓi idan nauyin iska ya ragu. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a fara ziyartar dutsen, a huta, sannan a shiga ruwa.

Ya Edita, roƙona shi ne jaridarka ta isar da wannan ga iyaye da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu na Masar, domin su ne ake sanar wa idan za a yi irin wannan tafiya. Wanda zai je ya nemi cibiyar nutso mai lasisin hukuma, ya nemi ganin takardar shaidar wanda zai jagorance shi, kuma kafin a shiga kowane wuri ya ce a zana masa taswirarsa, ko da a kan yashi ne, a nuna masa ƙofar shiga, da kafaɗar da bango zai kasance, da inda za a juya, da zurfin alamar da za ta nuna masa ƙofar fita. Jagoran da ya san aikinsa zai yi murna da wannan tambaya, kuma zai durƙusa ya zana.

Wassalam.

Mai karatunku na kullum,
daga Alƙahira, ƙasar Masar.